Sharhi: Shirin koyar da sana'a kyauta da makomar yaran da ke zamewa daga makaranta

A ranar 1 ga Nuwamban 2024 aka gurfanar da mutum 76 a gaban Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja bisa tuhume-tuhumen da suka haɗa da cin amanar ƙasa, sakamakon zanga-zangar tsadar rayuwa da aka yi a watan Agustan shekarar. Da dama daga cikinsu yara ne 'yan shekara 14 zuwa 17 da aka kamo daga Kano da Kaduna da wasu jihohin Arewa. Huɗu daga cikin waɗanda ake tuhuma sun yanke jiki sun faɗi a cikin kotun bayan kusan wata uku a tsare, kuma an sanya wa kowane mutum belin Naira miliyan 10. Sai da ƙasar ta ɗauki ɗumi kafin Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin sakin su, aka miƙa su ga gwamnonin jihohinsu.

An yi ta muhawara a kan halaccin tsare su, kuma muhawara ce da ta dace. Amma tambayar da ta fi daɗewa tana jiran amsa ita ce, me ya sa yaron da ya kamata a ce yana aji ko yana gaban maigidansa yana koyon sana'a ya wayi gari ba shi da wurin zuwa sai titi? A ranar farko ta waccan zanga-zanga, ɗaya daga cikin wuraren da aka wawashe a Kano shi ne cibiyar fasahar zamani ta Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wadda aka gina domin horar da matasa, ana dab da buɗe ta. Wato an fasa rumbun da aka ce na matasa ne, kuma mafi yawan waɗanda aka gani a bidiyo suna ficewa da kujeru da kwamfutoci matasan ne.

A kan wannan ma'auni ya kamata a ɗora sabon shirin koyar da sana'o'i da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a ƙarshen watan Mayun 2025.

Abin da shirin ya ƙunsa

Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, wanda ya karɓi ma'aikatar a watan Oktoban 2024, ya sanya ilimin fasaha da sana'a a sahun gaba na manufofinsa. An mayar da kwalejojin kimiyya da fasaha na tarayya zuwa kwalejojin fasaha zalla, karatu a cikinsu kyauta, kuma an ce kashi 80 cikin 100 na lokacin ɗalibi zai tafi a aikin hannu, kashi 20 a darasin aji. Akwai kuma horo na gajeren zango, na wata shida da na shekara guda, a cibiyoyin da aka tantance, tare da alƙawarin alawus na wata-wata da kayan fara sana'a bayan an kammala. Da farko an ambaci Naira 45,000 a matsayin alawus, daga baya adadin da aka riƙa sanarwa ya koma Naira 22,500.

Hukumomi biyu ne ke riƙe da ragamar aikin: Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, mai hedikwata a Kaduna, wadda aka kafa a 1977, da kuma NABTEB, hukumar shirya jarrabawar kasuwanci da fasaha da ke Benin. A watan Satumban 2025 kuma gwamnati ta fitar da sabuwar manhajar firamare da sakandare, inda aka taƙaita darussan sana'a zuwa guda shida: haɗawa da gyaran sola, ɗinki, kiwo, kwalliya, gyaran kwamfuta da waya, da noman lambu da amfanin gona.

Babu mai hankalin da zai ce wannan ba ci gaba ba ne. Sana'o'in da aka zaɓa suna da kasuwa a zahiri. Duk wanda ya ga yadda faifan sola ya mamaye rufin gidaje da shaguna tun bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023 da tashin kuɗin wuta, ya san mai haɗa sola ba zai kwana da yunwa ba. Abin dubawa shi ne ko shirin zai kai ga yaron da ya fi kowa buƙatarsa.

Inda yaro ke zamewa

Dokar Ilimin Bai-Ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Daga nan tilas ta ƙare. Yaro yana da shekara 14 ko 15 a lokacin, kuma a daidai wannan gaɓa ce abubuwa da dama ke haɗe masa: kuɗin mota da na littattafai da na jarrabawa suna ƙaruwa, gida ya fara sa ran ya riƙa kawo ɗan abin cefane, ita kuma yarinya an fara maganar aurenta.

Akwai dalilin da ya fi talauci ɓoyuwa. Yara da yawa suna kai wa aji uku na ƙaramar sakandare ba su iya karanta jimla ɗaya ta Turanci su fahimce ta ba, wasu ko ta Hausa. Yaron da ya shekara tara yana zaune a ajin da ɗalibai suka haura ɗari, ana koyar da shi da harshen da bai ji ba, ya riga ya yanke wa kansa hukunci cewa shi daƙiƙi ne. Ba rana ɗaya yake barin makaranta ba. Yana farawa da makara, sai fashi ranar kasuwa, sai ya riƙa fita da kayan makaranta ya ƙare a majalisar unguwa ko gidan kallon ƙwallo. Kafin iyaye su ankara zango guda ya wuce.

Alƙaluman da aka fi ambata, miliyan 18.3 na UNICEF da kusan miliyan 20 na UNESCO a 2022, suna nuna girman matsalar yaran da ba sa zuwa makaranta, kuma mafi yawansu a Arewa suke. Sai dai yaron da sunansa ke cikin rajista amma zuciyarsa ta bar aji bai shiga wannan lissafi ba tukuna. Shi ne wanda ya fi sauƙin cetowa, kuma shi ne wanda ba a cika tsara shiri dominsa ba. Shirye-shiryen gwamnati galibi ko dai na ƙananan yara ne da ake son a sa su a firamare, ko na waɗanda suka gama karatu suke neman aiki. Ɗan shekara 15 ya faɗa a tsakiya.

Abin da ke jiransa a waje sananne ne ga mazauna biranen Arewa: faɗan daba, ƙwacen waya, bangar siyasa da shaye-shaye. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda ya shafi shekarar 2017, ya gano mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya. A 2018 kuma gwamnati ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. A karkarar Zamfara da Katsina da Sakkwato kuwa, wanda ke zawarcin irin wannan yaro ɗan bindiga ne.

Ƙofar da ta yi wa mai buƙata tsawo

Shiga kwalejin fasaha ta tarayya sai an ci jarrabawa. Rajistar horon gajeren zango kuma ta intanet ake yi, ana neman lambar ɗan ƙasa ta NIN da lambar banki ta BVN. An yi hakan ne domin toshe kafar sunayen bogi, kuma dalili ne mai ƙarfi a ƙasar da aka sha ganin kuɗin tallafi sun ƙare a aljihun jami'ai. Amma sakamakonsa shi ne, wanda zai riga kowa cike fom shi ne mai babbar waya da data da asusun banki, wato sau da yawa wanda ya gama difloma ko digiri yana zaman jiran aiki. Shi ma yana da haƙƙi, sai dai ba shi ne ke bakin rami ba.

Yaron da bai iya karatu sosai ba ba zai ci jarrabawar shiga ba. Wanda bai kai shekara 18 ba, kuma mahaifinsa ba ya mu'amala da banki, zai sha wahala kafin ya cika sharuɗɗan. Almajirin da ya sauke Alƙur'ani yana da shekara 16, mai kaifin haddar da za ta iya riƙe kowane darasi, ba shi da takardar firamare da zai nuna. Matuƙar ba a buɗe wata ƙofa ta daban ba, wadda za ta bi ta hannun shugabannin makarantu da masu unguwanni da alarammomi da ƙungiyoyin masu sana'a, shirin zai iya cika alƙalumansa ba tare da ya taɓa waɗannan yara ba.

Ba yau aka fara ba

Nijeriya ta taɓa bin wannan hanya. Tsarin 6-3-3-4 da aka fara aiwatarwa a 1982 an gina shi ne a kan wannan tunani, cewa duk wanda ya gama ƙaramar sakandare ya fita da wata sana'a a hannu. An shigo da injinan koyar da kafinta da aikin ƙarfe da lantarki daga ƙasashen Gabashin Turai. Da yawansu sun yi tsatsa a cikin akwatunan da aka kawo su, saboda babu ɗakin aiki, babu wuta, babu malamin da ya san yadda ake tayar da su. Darasin fasaha ya koma zane a allo da haddar sunayen kayan aikin da ɗalibi bai taɓa riƙewa ba.

A 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe makarantar Tsangaya ta zamani ta farko a Gagi da ke Sakkwato, kuma gwamnatinsa ta gina irinta 157. Bayan an miƙa su ga jihohi, da yawa sun lalace ko an sauya musu aiki, domin ba a tanadi kuɗin ciyarwa da albashi na dindindin ba. A Kano, Sanata Rabi'u Musa Kwankwaso ya kafa cibiyoyin koyar da sana'a 26 a zangon mulkinsa na biyu, ciki har da ta gyaran tarbiyya da ke Ƙiru. Akasarinsu sun daina aiki bayan sauyin gwamnati a 2015, gwamnatin Dokta Abdullahi Ganduje ta gina tata babbar cibiyar mai ɗauke da sunan Aliko Ɗangote, sannan Gwamna Abba Kabir Yusuf ya zo ya shiga farfaɗo da na farkon.

Darasin a fili yake. Gini da injin ba su ne ke da wuya ba, domin suna da kwangila kuma ana yanka musu kyalle a gaban kyamara. Abin da ke kashe shiri shi ne kuɗin yau da gobe: albashin mai koyarwa, man janareta, katako da ƙarfe da yadin da ɗalibi zai ɓata kafin hannunsa ya faɗa, da abincin rana. Sabbin cibiyoyi uku da Gwamna Uba Sani ya gina a Rigachikun da Soba da Samarun Kataf, waɗanda Shugaba Tinubu ya ƙaddamar a Yunin 2025, za a san nasararsu ne idan aka leƙa su bayan shekara biyar aka tarar injinan suna aiki.

Makarantar da ba ta taɓa rufewa ba

Duk tsawon waɗannan shekaru, wurin da ya fi horar da matasan Arewa ba na gwamnati ba ne. Garejin kanikawa ne, da shagon tela, da rumfar mai walda, da kasuwanni irin su Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa da kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Uba ya kama hannun ɗansa ya kai wa maigida ya ce ga amana. Ba a tambayar takarda, ba a cike fom. Yaro yana ganin kuɗi na shigowa a gaban idonsa, kuma yana da babba a kansa da zai tambaye shi inda ya kwana idan ya makara. Wannan na ƙarshe shi ne abin da ajin mutum ɗari ba zai iya bayarwa ba.

Tsarin yana da nasa aibin. Yaro kan shafe shekara biyu yana aike da wanke kayan aiki kafin a bar shi ya kwance ƙusa. Babu ranar yaye da aka tsayar, wasu iyayen gida kan riƙe yaro saboda arhar aikinsa. Akwai duka, akwai aiki ba tabarau ba safar hannu. Maigida abin da ya sani kawai zai koyar, shi ya sa kanikawa da dama ke tsayawa cirko-cirko a gaban motocin zamani da sai an jona musu kwamfuta ake gane ciwonsu. A ƙarshe kuma babu takardar shaida, don haka idan babban kamfanin gine-gine ya zo ɗaukar ma'aikata, gwanin da ya shekara goma yana walda sai ya shiga a matsayin lebura. Wannan na cikin dalilan da suka sa masu manyan gine-gine a Abuja da Legas ke ɗauko masu ɗaura tayil da filasta daga Togo da Jamhuriyar Benin.

Abin mamaki, doka ta daɗe da tanadin gyara. Dokar Ƙwadago ta amince iyaye su ba da yaro mai shekara 12 zuwa 16 koyon sana'a da yardarsa, bisa rubutacciyar yarjejeniya da jami'in ƙwadago zai sa wa hannu, kuma wa'adin kada ya wuce shekara biyar. Da wuya a samu garejin da ya taɓa ganin irin wannan takarda.

Hanyar da ta fi alamar ɓullewa ita ce wadda Farfesa Idris Bugaje ya soma tun yana shugaban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, kuma ya ci gaba da ita a NBTE: a haɗa masu sana'ar Panteka da kwaleji, a gwada abin da suka riga suka iya, a ba su shaidar ƙwarewa ta ƙasa mai matakai. Jamus, wadda ake yawan misali da ita, haka take yi a tsare: ɗalibi yana kwana uku ko huɗu na mako a kamfani, ɗaya ko biyu a makaranta, kamfani na biyansa, ƙungiyar masu sana'ar ce ke yi masa jarrabawa. Nijeriya ba ta da masana'antun Jamus, masaƙun Kakuri ma sun daɗe da rufewa. Amma tana da dubban iyayen gida da za a iya tantancewa, a ƙara musu horo, a biya su a kan kowane yaron da suka yaye.

Sana'a kaɗai ba ta isa ba

Yaron da ya riga ya saba da zaman majalisa da ƙwaya ba injin ɗinki ne farkon buƙatarsa ba. Kowa ya ga yadda kayan tallafi ke bayyana a kasuwa washegarin rabo, ana sayar da su rabin kuɗi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma tanƙwarar a nan tana nufin abubuwa ƙanana da ake maimaitawa kullum: zuwa a kan lokaci, cika alƙawarin mai kaya, haƙuri da faɗan kwastoma, raba uwar kuɗi da riba. Telan da ya iya yanka amma ba ya cika alƙawarin ɗinkin Sallah ba zai riƙe kasuwa ba.

Haka nan dole horon ya haɗa da karatu da lissafi, kuma a fara da Hausa. Mai haɗa sola da bai iya lissafin nauyin wutar da gida ke ja ba zai ƙona batirin mutane. Mai gyaran waya yana buƙatar karanta abin da allo ya nuna masa. Awa ɗaya ko biyu a rana ta isa ta cike giɓin da shekara tara ta bari, idan yaron ya ga amfanin darasin a aikin da ke hannunsa.

'Yan mata suna da nasu ƙalubalen. Shirin AGILE da Bankin Duniya ya tallafa da Dala miliyan 500 a 2020, wanda ya fara da jihohi bakwai ciki har da Kano da Kaduna da Katsina da Kebbi da Borno, ya haɗa gyaran makarantu da tallafin kuɗi da darussan dabarun rayuwa domin riƙe su a sakandare. Amma a fagen sana'a har yanzu an fi tsayar da su a ɗinki da kwalliya da haɗa sabulu, inda kasuwar ta cika. Gyaran waya da kwamfuta sana'a ce da mace za ta iya yi a cikin gida, kuma mata da yawa za su fi sakin jiki su miƙa wayarsu ga 'yar uwarsu mace.

Ƙorafin da ya cancanci a saurara

Akwai masu ganin cewa duk wannan wata dabara ce ta raba 'ya'yan ƙasa gida biyu: ɗan talaka ya riƙe sifana, ɗan mai kuɗi ya tafi jami'a ya dawo ya zama shugabansa. Ba za a yi watsi da wannan magana ba, musamman a ƙasar da har yanzu mai babbar difloma ke bayan mai digiri a aikin gwamnati. Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta zartar da ƙudirin kawar da wannan bambanci a 2021, amma bai samu sa hannun shugaban ƙasa ba. Muddin gwamnati da kanta tana fifita takarda a kan ƙwarewa, da wuya ta shawo kan uba cewa kwalejin fasaha ba makarantar waɗanda suka faɗi ba ce.

Maganin ƙorafin shi ne kada hanyar ta zama mai toshewa. Yaron da ya shiga ta gareji ya samu damar hawa mataki-mataki har zuwa kwalejin kimiyya da fasaha ko jami'a idan yana so kuma ya iya. Sannan a tuna cewa ga ɗan shekara 15 da ya riga ya daina shiga aji, zaɓin da ke gabansa ba tsakanin sana'a da jami'a ba ne. Tsakanin sana'a ne da titi.

Abin da ya rage wa jihohi

Mafi yawan makarantun sakandare na jihohi ne, don haka Abuja ba za ta iya wannan aiki ita kaɗai ba. Matakin farko ba ya cin kuɗi mai yawa: kowace makaranta ta riƙa fitar da sunayen ɗaliban da suka yi fashin mako biyu a jere, a bi su gida kafin su ɓace. Na biyu, a ware gurabe a cibiyoyin koyon sana'a ga 'yan shekara 14 zuwa 17 da almajirai, ba tare da jarrabawar Turanci ba, a haɗa kai da Hukumar Kula da Almajirai da Yaran da Ba Sa Zuwa Makaranta da aka kafa a 2023. Na uku, a kafa cibiyoyin da doka tare da kasonsu a kasafin kuɗi, yadda sabon gwamna ba zai rufe su don ba shi ya gina ba. Na huɗu, gwamnati ta zama kwastoma: kujerun makarantu da kayan ɗalibai da solar asibitocin karkara a ba waɗanda aka yaye su yi.

Sannan a sauya ma'aunin nasara. Yawan waɗanda suka yi rajista ko suka karɓi kaya a filin taro ba ya nuna komai. Adadin da ya kamata kowane kwamishina ya iya faɗa shi ne, cikin yara ɗari da aka yaye bara, nawa ne ke cin abinci da sana'ar a bana.

Yaran da aka gani a kotun Abuja sun koma gida, wasu gwamnoni sun yi musu alƙawarin karatu da sana'a. Ƙannensu da ke aji uku na ƙaramar sakandare a yau za su kai shekarun jefa ƙuri'a nan da shekara uku ko huɗu, kuma tun kafin lokacin, zaɓen 2027 zai zo da masu neman yaran da za su riƙe musu gora da adda a yawon kamfe. Ko waɗannan masu nema za su tarar da yaran a majalisa suna jira, ko a shago suna da aikin da ba za su iya bari ba, ya danganta ne da abin da gwamnatoci da iyaye da masu sana'a suka yi daga yanzu.